Ladanin da Numfashinsa Ya Yanke a Tsakiyar Kiran Salla

Wata rana Malam Barau, ladanin wani ƙaramin masallaci a Funtuwa, ya tashi kiran la'asar. Bai kai ga shahada ba numfashi ya yanke masa.

Tari ya turnuƙe shi, duk unguwa na ji ta lasifika. Wani ne ya ƙarasa kiran.

Mura mai zafi ya yi kwanakin baya. Zazzaɓi ya sauka, amma tari ya ƙi tafiya.

Shi kaɗai ya yanke wa kansa hukunci: tarin fuka ne, irin wanda ya ɗauke yayansa.

Ya ware kofinsa da kwanonsa. Jikokinsa in sun rugo, sai ya ɗaga musu hannu daga nesa. Ya rame, ya daina fita.

Matarsa Inna Dije ce ta gaji.

"Malam, ko dai ka tashi mu je asibiti, ko in kira ƙannenka su ɗauke ka."

Ya tashi.

Aka gwada majina, aka ɗauki hoton ƙirji. Ranar karɓar sakamako ya riga likita magana.

"'Yata, faɗa mini gaskiya. Huhun ya ruɓe ko?"

"A'a Baba, babu tarin fuka. Ƙwayar murar ce ta shiga cikin ƙwayoyin halittar huhunka, ta birkita tsarin cikinsu, ta mai da su wurin hayayyafarta. Akwai wasu 'yan siraran gashi a hanyar iska da ke share majina, ido ba ya ganinsu. Su ma ta kakkarya su."

"To yanzu fa?"

"Ita ta tafi. Jikinka gyara yake yi, sababbi na fitowa. Ka ba shi lokaci."

Hawaye suka shiga bin gemun Malam Barau. Inna Dije sai alhamdulillahi take maimaitawa.

Da suka koma gida, tun daga zaure ya ƙwala wa jikoki kira. Suka yi cirko-cirko, har ƙaramar ta rugo ta faɗa jikinsa.

Ya huta, ya guji hayaƙi da ƙura kamar yadda aka ce masa. Kafin azumi ya koma bakin lasifika.

Darasi: Tarin da ya daɗe, a kai shi asibiti. Kada tsoro ya raba ka da iyalinka kan cutar da ba a ma gwada ba.

Tura wa wanda ka san yana tari a ɓoye, wataƙila kai ne silar tashinsa.