Takin awakin kakata da gonar Farfaru

Wai kai da kake karanta wannan, an taɓa yi maka alƙawarin aikin gwamnati har ka fara kallon gonar gidanku kamar bola? To tsaya ka ji, ni ba wani boko na yi mai nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun, labarin kakana ne Maharazu, kuma kakata Barira ce ta ba ni da bakinta, tana nan da ranta a Farfaru in ka ƙi yarda ka zo ka tambaye ta.

Lokacin da kuɗin mai suka zo ne, bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi, lokacin ma ba a yi jihar Katsina ba. Kakana manomi ne, gona ɗaya gare shi ta gado amma mai kyau, gero take yi. Rannan ya je kasuwa sai ga wasu mutane a mota wai gwamnati na neman ƙarti masu ƙarfi aiki a bakin iyaka. Babu jarrabawa babu komai, tafin hannu kawai suke dubawa, suka ga nashi duk kanta suka ce shiga mota.

Aikin me? A lokacin shingen iyaka azara ce ta giginya, doguwa mai nauyin bala'i, an gitta ta a kan ganga biyu. In mota ta zo daga Maraɗi ma'aikata suka gama dubawa sai mutum biyu su kinkime ta gefe, mota ta wuce su maido. Shi ke nan aikin. Sai shara da ɗebo ma ma'aikata ruwa. Aka ba shi kaki, wata ya ƙare a ba shi albashi. Da aka yi ƙarin albashin nan na Udoji har keke da rediyo ya saya, Kaka ta ce ranar da ya shigo gari da keken nan yara har bayan gari suka tarbe shi.

To gona fa? Shi yana can kwana da kwanaki sai Juma'a yake zuwa gida. Akwai wani Mamman, mutumin wajen Maraɗi ne, fari ya koro shi da iyalinshi ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Kakana ya ce ga aro nan ka noma, in Allah ya kai mu kaka ka kawo dami guda don a san tawa ce. Har nan babu laifi, haka kowa ke yi.

Laifin daga taki ya fara. A wajenmu in ka ba mutum aron gona ba ka barin shi ya zuba taki, don wanda ya zuba taki da hannunshi sai ya ci damina uku kafin a karɓe, wahalarshi ce a cikin ƙasar. Kowa ya san wannan, kakana ma ya sani. Amma Kaka na da awaki, taki ya taru a bayan ɗaki har ya fara wari, da can shi ke kwashewa da jaki da rani, yanzu ya sayar da jakin kuma wai mai kaki ba ya ɗaukar mangala.

Rannan ya zo ya toshe hanci ya ce, "Barira wannan abin fa? A kira Mamman ya kwashe."

Ta ce, "Malam ya kwashe ya kai ina?"

Ya ce, "Gona mana, ko bakin iyaka kike so ya kai mani?"

Ta ce, "Ka san dai abin da taki ke jawowa."

Ya yi dariya ya ce, "Ke kam. Gwamnati ce fa ta ɗauke ni. Kin taɓa jin ranar da gwamnati ta mutu?"

Ta ce, "Ban ji ba. Amma ban ji ranar da ta haife ka ba kuma."

Ya hau kekenshi ya tafi. Mamman ya zo ya kwashe. Baɗi ma haka, baɗin baɗaɗa ma haka, duk rani sabon taki, wato duk shekara damina ukun nan sabuwa take komawa, kakana ko a jikinshi yana can yana ɗaga azara yana sauraron rediyo.

Sai abubuwa suka fara tsuke, aka ce kuɗin mai sun ja baya a rage ma'aikata. Kuma a daidai nan aka kawo sabon shinge na ƙarfe mai dunƙulen siminti a gindi, igiya kawai za ka saki ya ɗaga kanshi, ko yaro zai iya. Kakana ma yana cikin waɗanda suka haƙa ramin suka kafa shi, har yana yabawa wai Bature ya iya dabara. Bai yi wata ba aka tara su aka ce an gode. Ashe duk shekarun nan lebura ne na wucin gadi, sunanshi bai taɓa shiga cikin ma'aikata na dindindin ba, shi bai ma san akwai bambanci ba. Kakin ma suka ce ya ajiye.

Ya dawo Farfaru ana gab da shuka, ya je wajen Mamman ya ce bana zan noma abata. Mamman ba mugu ba ne wallahi, Kaka da kanta ta ce ba mugu ba ne, amma ya ce, "Maigida, bana na zuba taki, ɗiyana mi za su ci?" Aka je gaban mai unguwa.

Mai unguwa ya ce, "Maharazu takin na wa?"

Ya ce, "Na gidana ne ranka ya daɗe."

"Wa ya ɗauka a ka ya kai ya baza?"

Ya ce, "Mamman."

"Wa ya ce ya ɗauka?"

Ya ce, "Ni."

Mai unguwa ya ce, "To ni me zan yi maka. Gona taka ce ba mai musu, amma sai bayan damina uku. Da wani ne kai ma haka za ka yanke."

Ka san inda ya koma? Bakin iyakar nan dai, amma dako. Yana ɗaukar buhunan mutane yana duƙawa yana bi ta ƙarƙashin ƙarfen da ya kafa. Waɗanda yake ɗebo ma ruwa a da, wasu an canza su, sababbin ba su ma san shi ba. Keke ya tafi, rediyo ya tafi, awakin Kaka ɗaya bayan ɗaya suka tafi kasuwa don a ci tuwo.

Da lokaci ya cika Mamman ya maido gona ba gardama, har da godiya. Amma mutumin da ya san zai bar gona ai ba zai ƙara zuba mata komai ba, ya tatse ta tas. Kakana ya karɓi gona duk ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, gero tun bai kai gwiwa ba yake ja. Ga shi ba akuya ko ɗaya a gida balle taki, ga baya ya lalace da dako, in ya duƙa da hauya sai an ɗago shi. Kaka ta ce ita ce ta riƙa bin makiyaya da kwando tana tsintar kashin shanu, sai da babana ya girma sannan gonar ta dawo hayyacinta, shi kakana bai gani ba.

Na tambaye ta ko ta taɓa ce mashi ai na faɗa maka. Ta ce, "Kai angona, mutum ya dawo daga dakon buhu ya kwanta rubda ciki yana nishi, me za ka faɗa mashi."

Ni ban ce aikin gwamnati haramun ba ne, in an ba ni yau ina so, na gaji da zama. Abin da ya sa na rubuta shi ne yayana Kalilu, wani ya ce zai sama mashi aiki a Abuja, shi ne tun sati biyu yake cewa a ba wani gonar nan haya shekara biyar ya yi kuɗin tafiya, wanda zai karɓa ma har ya fara maganar buhunan takin zamani. Ni ba ya jin maganata, Kaka kuma ta ce bakinta ya gaji. Amma yana duba waya. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, ku sa a group ɗinku na gari, ko zai zagayo ya same shi daga hannun wani da yake jin kunya.