Kujera ta Biyu a Ofishin Malama

Kafin mai gadi ya gama hamma, Malama ta iso. Ta buɗe taga, ta jera kujeru biyu suna kallon juna, ta zauna ita kaɗai da kofin shayinta. Shekara ashirin da shida haka take, a sashen da ake horar da masu ba mutane shawara in duniya ta yi musu zafi. Ni ce mai sharar wurin, ba abin da ke wuce ni.

Ɗalibanta duk masu digiri ne, amma takarda ba ta ruɗinta. Sai ta zaunar da ɗalibi gaban mai damuwa, ta koma gefe ta zuba ido: zai bar mutum ya gama kukansa, ko zai katse shi da wa'azi? In ɗalibi ya fito, sai in matso da tsintsiyata: "Ɗan nan, me ya sa matar nan kuka?" Ba Malama ta sa ni ba, hali ne. Ita dai ƙofarta a buɗe take, kunnenta kuma ƙalau.

Wata shekara 'yar yayarta ta zo, ta fi kowa maki. Na tambaye ta, ta zazzage mini komai, har da kwaikwayon muryar matar. Malama ta kira ta ciki, ta ba ta wata shida ta gyara. Na sake tambaya, yarinya ta sake zazzagewa. Malama ta ƙi sa hannu a takardar cancanta.

Yayar ta zo har ofis. "Jininki ce fa."

"Yaya, wadda ta yi kukan ma 'yar wani ce."

Shekara tara ke nan Yaya ba ta sake taka gidan Malama ba. In na tuna bakina ne sila, tsintsiya har nauyi take mini.

Malama, ke ce rijiya mai murfi. Na daɗe ina zura guga, ban samo ko ɗigo ba. Waɗanda kika rufa wa asiri ba su san kin yi ba, balle su gode. Ni na gode a madadinsu.

Makon jiya ta ajiye aiki. Kujerun nan biyu kawai ta roƙa, na raka ta da su gida, ta jera su suna kallon juna. Masu sa hannu, ku yi koyi da ita. Ke kuma Yaya, in an karanta miki wannan, ɗaya kujerar ni na goge ta da kaina, kuma har yanzu ba kowa a kai.