Cigiyar Akuya a Wasan Makaranta

Da i'ina na tashi, irin wadda kalma ke maƙale wa mutum a maƙogwaro sai ya buga ƙafa a ƙasa kafin ta fito. A firamarenmu ta Maiyama ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. In ɗaga in ce me? 'Yan ajinmu, ja'irai, sun fi iya kwaikwayona a kan karatunsu.

Duk shekara idan za a yi wasan kwaikwayo ranar rabon kyaututtuka, aikina guda ne, riƙe zanen da ake labule da shi. Shekara uku ina riƙon zane! Wallahi abin yana cina, amma ina bakin faɗa?

Ranar kasuwar Jega nakan bi Inna mu kai lawashi. Wata rana ina cikin rera kiran talla, "Ga lawashi ɗanye shar, a saya a sa miya!" sai ga malaminmu na Hausa a kan babur. Ya taka birki.

"Ke, sake hwaɗi in ji."

Na sake rerawa, ya fito sumul. Da ya tambaye ni ina Inna, sai bakin ya kulle. Ashe in dai rerawa nake, i'ina ba ta kama ni. Ni da nake da bakin ban taɓa lura ba.

Ran Litinin Malam ya ce a wasan bana ni ce zan fito a tsohuwar da akuyarta ta ɓace a kasuwa. Hedimasta ya ce, "Malam, wagga yarinya kunya za ta ba mu gaban iyaye." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, bar ni da ita." Ya zauna ya mayar da duk maganata cigiya, wadda dama rera ta ake yi.

Ranar wasa na ɗaura zanen Inna, na shiga fili ina cigiyar akuya ja mai ɓallin fari a goshi. Mutane suka yi ta dariya, kuma karon farko ba ni ake yi wa ba, tsohuwar ake yi wa. Daɗi kamar ya kashe ni.

Sai dai akwai magana ɗaya da ba ta reruwa. Da aka kawo mini akuyar, dole in ce na gode, da baki kawai. Na ce "Na g... g..." ta tsaya cak. Na runtse ido ina jiran ihu.

Can cikin mata wata dattijuwa, ban san ta ba har yau, ta ce, "Sannu a hankali ɗiyata, muna jiranki."

Kuma suka jira. Fili guda, har da 'yan ajinmu, ba wanda ya ƙarasa mini. Na buga ƙafa, kalmar ta fito.

Har yanzu ina da i'inata, kuma ina magana a taro. Allah ya saka wa Malam da dattijuwar nan da alheri. Kafin ranar, ko a gidanmu ba a taɓa jirana in gama magana ba.