Abin da Ruwan Ƙwarya Ya Gani

A gidanmu na ƙauye, can wajen Baure, ba a fara tatsuniya sai an gama shigar da gero rumbu. Da damina kowa a gajiye yake, da an ci tuwo sai barci. Amma da sanyi ya fara saukowa, kakarmu Iya Mairo takan sa a tara mata kara da ƙirare a ƙofar ɗakinta, ta hura wuta bayan sallar isha'i. Mu jikoki sai mu kewaye ta, kowa ya cusa gwiwoyinsa cikin riga. Tana binne gyaɗa a toka mai zafi, tana tonowa da tsinke, tana miƙa wa wanda ya fi yin shiru.

Ni Maigida take kirana, don sunan mijinta marigayi aka sa mini.

"Maigida, matso kusa," takan ce. "Kada sanyi ya kashe mini kai in yi zawarci sau biyu."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta dubi duhun bayanmu ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa. A ba ta tabarma ko a kore ta?" Mu kuwa mu haɗa baki, "A ba ta, Iya!"

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ba mu so, don babu kura a ciki, babu wanda aka yi wa duka. Ta wata yarinya ce mai suna Tabawa, da ke zaune ita da uwarta su biyu a wata bukka bakin rafi. Wata rana Tabawa ta tarar da wata tsohuwa ta taka ƙaya, ta durƙusa ta cire mata. Tsohuwar ta ba ta ƙwarya cike da ruwa, an rufe da faifai.

A nan Iya kan rage murya. "Ta ce mata, 'Yarinya, ruwan nan tun da aka halicce shi bai taɓa ganin komai ba. Abin da ya fara gani, shi zai riƙe har abada. Ki zaɓa masa.'"

Tabawa ba ta ko waiwayi gida ba. Ta ɗora ƙwarya a ka, ta nufi kasuwa. Ta ga zannuwa masu ƙyalli, ta kai hannu za ta ɗaga faifai, sai ta ce wataƙila akwai wanda ya fi a gaba. Ta shiga birni, ta tsaya a gidan wani attajiri mai ƙofar tagulla, sai ta ji ana cewa na birnin gaba ya fi wannan. Haka ta yi ta tafiya har takalminta ya tsinke, guzurinta ya ƙare. Ta juyo gida da niyyar ta huta ta sake fita. Tana shigowa ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, faifai ya zame, ruwa ya ga uwarta a durƙushe tana hura wuta, da toka a goshi, da zani mai faci, kaza na tono a bayanta, ranar yamma ta ratsa hayaƙi.

Tabawa ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ta tura ƙwaryar ƙarƙashin gado, duk wanda ya tambaye ta abin da ruwan ya gani sai ta ce ai ya zube a hanya. Aka yi shekaru, uwar ta rasu. Bayan an watse daga zaman makoki, Tabawa ta jawo ƙwarya ta ɗaga faifai.

"Sai ga ta nan," in ji Iya, tana tura kara cikin wuta. "Tana hurawa. Kullum aka buɗe, tana nan tana hurawa. To, baƙuwa ta naɗe tabarmarta. Kowa ya tashi."

Na tuna na ce, "Iya, da ni ne, babbar mota zan nuna masa, irin masu zuwa Kongolam, can bakin iyaka."

Ta yi dariya har ta yi tari. "Mota, Maigida? To, in ka tsufa sai ka rungumi mota."

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni yanzu a Daura nake zaune, ina koyarwa, gashina ya fara fari. Ina da 'ya, Sadiya, da ke karatu a Katsina, wadda ba ta wuce abu ba ta ɗauke shi hoto da wayarta ba: raɓa a ganyen zogale, inuwar gawo a kan yashi, hannun mai ƙosai. Da hutun kaka ta je ƙauye wurin Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a tsohon gidan. Da ta dawo ta sa hotunan da ta ɗauko a intanet.

Ban sani ba sai da yayana Lawal ya kira ni daga Kano.

"Ka ga abin da 'yarka ta yi mana? Abokan aikina na tambayata wai ko gidanmu ne wannan. Ta nuna Gwaggo a cikin tsumma!"

Na karɓi wayar Sadiya na duba. Gwaggo ce tana shiƙar gero, ba takalmi, ɗankwalinta ya koɗe, a bayanta ga katangar gidan ta zube gefe guda. Ban ga komai ba sai katangar nan da ƙafafun nan. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Mutane za su ce ga 'ya'yanta masu albashi, ga yadda suka bar ta. Na yi wa Sadiya faɗa har ta kasa cin abinci, washegari na sa ta gaba muka tafi ƙauye.

Mun tarar da Gwaggo a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ita ba ta faɗar sunana, tunda na ubanta ne, Babana take ce mini. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, na kawo ta ne ta ba ki haƙuri. Ta ɗauke ki hoto, ta nuna wa duniya talaucinmu."

Gwaggo ta kaɗe hannu a zani. "Mu gani."

Ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta daɗe tana kallo. Kaji na yawo a tsakaninmu, ba wanda ya kore su.

"Wannan geron gonar gawo ne," ta ce. "Ni na shuka shi, ni na nome shi. Rabon da ya yi kyau haka an daɗe. Kai, dubi yadda rana ta shiga cikin ƙaiƙayi, sai ka ce zinariya ake watsawa. Ashe haka nake in ina aiki?" Ta juyo ta miƙo mini wayar. "Babana, wanne ne talaucin a nan? Ɗora mini yatsa a kai."

Na karɓa. A karon nan na kalli hoton duka. Na ga hannuwanta biyu a sama riƙe da ƙwarya, gero na zuba kamar igiya, ƙaiƙayi na tashi gefe cikin haske, bayanta a miƙe kamar na budurwa. Yatsana ya yi ta yawo a saman gilashin, bai sami wurin sauka ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Gwaggo ta juya ga Sadiya, wadda ke durƙushe kanta a ƙasa. "Ke kuma laifinki ɗaya ne, amma laifi ne. Ba ki tambaye ni ba. Ba a kai fuskar mutum kasuwa bai sani ba. Da kin tambaya, da na ce ki jira akuyata ta shigo ciki."

Sadiya ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce, "Ki yafe mini, Gwaggo."

"Na yafe." Ta koma kan gyaɗarta, ba ta ko dube ni ba ta ƙara da cewa, "Katangar kuwa, in ita ke ba ku kunya kai da Lawal, ai kun san gidan magini."

Muka kama hanyar komawa Daura. Tatsuniyar Tabawa ce ta dawo mini. Ina yaro na ɗauka labarin rashin sa'a ne, na yarinyar da tuntuɓe ya ɓata wa kyauta. Da na girma na ɗauka darasi ne mai sauƙi, cewa abin kusa ya fi na nesa. A ranar na ga ba tafiyar Tabawa ce abin takaici ba, kowa yana tafiya. Shekarun da ƙwaryar ta yi a ƙarƙashin gado ne, uwar na raye a tsakar gida, 'yarta na jin kunyar kamanninta. Ni kuwa na wuce Tabawa, don ita ɓoyewa ta yi, ni a gaban mai abin na kira rayuwarta talauci.

Mun gyara katangar kafin damina. Hoton kuma Gwaggo ta ce a bar shi inda yake, ta sa aka wanko mata ɗaya, ni ma na wanko nawa na rataye a falo. A cikinsa katangar tana nan a zube, ba maginin da zai taɓa ta. Har yau in baƙo ya tsaya a gabansa ya ce, "Kai, ina ne nan?" sai in ji tsohuwar kunyar nan ta taso mini, kafin in ce masa gidanmu ne.