Shaidar da Aka Karanta a Kwata: Jinjina ga Mama Rifkatu

Kafin rana ta yi ƙarfi, Mama Rifkatu Na'Allah ta riga ta share rumfar da ke bayan majami'a a Gaya, ta shimfiɗa tabarmi, ta fiƙe fensira da reza. Matan zumunta sukan iso ɗai-ɗai: masu sayar da kifi, masu gyaran shinkafa, wata da goyo daga hanyar Tanda. A buɗe Littafi Mai Tsarki, a karanta aya, a tattauna. Sannan ta raba musu kaye, wato littattafan rubutu, ta ce, “Kowacce ta rubuta shaidarta. Abin da Ubangiji ya yi miki, da hannunki.” Yawancinsu ba su taɓa taka lakol ba, wato makarantar boko, a wurinta suka koyi baƙi. Ƙa'idarta ɗaya ce: abin da mace ta rubuta, ba mai karantawa sai da yardar wadda ta rubuta.

An gwada wannan ƙa'ida a lokacin da aka rufe gadar Malanbil da ke kan iyakar ƙasa, ƙetarawa ta koma hannun masu kwale-kwale. Kowa yana tsoron kowa, domin ba duk kayan da ke haye kogi ake son a ambata ba. Sai magana ta isa kwata cewa matan Kirista suna taruwa suna rubuta shaida. A bakin masu bi, shaida labarin alherin Allah ce. A kunnen matuƙi kuwa, ita ce abin da ake kai wa jandarma, jami'an tsaro. Aka tuna cewa Jumma, matar Auta mai kwale-kwale, tana cikinsu. Aka janye jirgin Auta kan tudu, aka ce ba zai sake taɓa ruwa ba sai an ga takardun.

Mama Rifkatu ta gangara kwata hannu wofi, Jumma tana bayanta. Waɗanda suka halarta sun ce taron ya kewaye su kafin su gama sallama.

Hama, shugaban matuƙa, ya ce, “Inna, mun san ki da mutunci. Kawo takardun mu gani, magana ta mutu.”

“Ba nawa ba ne, Hama. Amana ce.”

“To amanar ce za ta ciyar da gidan Auta?”

Wani daga baya ya ɗaga murya, “A je a kwaso su kawai!”

“Rumfar ba ta da ƙofa,” in ji ta. “Amma sai kun tsallake ni.”

Mutum yakan daɗe yana juya wannan tsayuwa a ransa. Da ta miƙa takardun, da jirgi ya koma ruwa nan take. Amma daga ranar, babu macen da za ta sake rubuta gaskiyarta.

Jumma ce ta matso. “Mama, ni zan karanta tawa.”

“'Yata, ba dole ba ne.”

“Na sani.”

Ta kwance bakin zane ta fito da takarda, tana bin baƙaƙe da yatsa. Labarin ɗanta ne da kogi ya ci da damina: yadda ta daina addu'a, yadda ta kasa duban mijinta in ya ɗauki filafili da safe. A ƙarshe ta karanta, “Amma Allah bai bar ni ba. Ya aiko Hama, ya yi ta nutso har ya fito mini da shi, na ga fuskarsa.”

Auta, wanda bai taɓa jin wannan daga bakin matarsa ba, ya zauna a gefen jirginsa ya rufe fuska.

“Wannan ce shaidar?” in ji Hama.

“Ita ce.”

Hama ya juya ga matuƙa. Sannan ya ce, “Ku tura jirgin mutum.”

Yanzu idanun Mama Rifkatu sun raunana, ta miƙa rumfar ga Jumma. Mama, ke ce uwar masu riƙe fensir a makare. Ke ce kika nuna mana cewa koya wa mace rubutu rabin aiki ne, sauran rabin shi ne tsare abin da ta rubuta. Mun gode. Ubangiji ya sāka miki, ya hutar da idanunki.

Mu kuwa da muka yi dogon karatu, akwai irin su Jumma a gidajenmu, da abin da suka daɗe suna haɗiyewa. Mu yi yadda Mama ta yi: mu miƙa musu fensir, sannan mu kau da ido daga takardar.