Maccido Talatin-da-Takwas

Duk mai sayen nama a Ƙofar Marke ya san Maccido mahauci, dogon nan da tasbaha ba ta barin wuyansa. Abokan sana'a na tsokanarsa da Talatin-da-takwas, shi kuwa ko a jikinsa, amsawa ma yake yi da ƙarfi.

Shekara ashirin ya yi yana bin zikiri a zawiyar Malam Gazali, shi ne shara, shi ne shimfiɗa tabarmi. Burinsa ɗaya tak, a ba shi izinin halwar kwana arba'in, in ya cika a naɗa shi muƙaddami. Da izinin ya samu, aka kai shi wani ɗan ɗaki a Dundaye, aka ja masa kunne cewa in ya taka waje kafin arba'in halwa ta ɓaci, kuma a zawiyarsu ba a ba mutum sau biyu.

Ya cinye kwana talatin da bakwai lafiya lau. Ran na talatin da takwas da hantsi, sai ga kukan mace ta bayan katanga. Sadiyatu ce, mai marayu huɗu. Saniyarta tilo ta ci leda, ciki ya kumbura, ta faɗi tana shure-shure. Damina ce, maza duk suna gona, babu mai yanka. In kuwa ta mutu haka ta zama mushe, sai dai a ja ta a bar wa ungulu.

Maccido mahauci ne, daga gurnanin saniyar ya san saura ƙiris. Ya runtse ido, ya ɗaga murya da zikiri don kada ya ji. Ya ja ƙwayar tasbaha goma, kunya ta kama shi. Ya banke ƙofa, ya karɓi wuƙar girki ya wasa a dutse, ya juya saniya alƙibla ya yi bisimilla. Jini ya yi tsartuwa, nama ya halatta. Shi ya feɗe, shi ya kai kasuwa, har Sadiyatu ta samu ta sayi karsana.

A zawiya kuwa aka yi masa caa. Wai Shaiɗan ya yi wasa da shi, wai ya musanya lahira da saniya. Su da ko akuya ba su taɓa kayarwa ba! Suka matsa masa ya durƙusa ya ce ya yi kuskure, ko Malam ya sassauta.

Durƙusawa dai ya yi, don yana girmama malaminsa, amma ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ban yi kuskure ba. Baki na cewa Allah, zuciya na ƙirga kwanan rawani. Ko yau aka mai da ni ɗakin nan, in matar nan ta yi kuka hita zan yi."

Malam Gazali ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Aka naɗa wa wani almajirin, Sa'ad, rawanin. Abin ya yi wa Maccido ciwo, kar a yi ƙarya, har hawaye ya zubar a hanyar gida.

Har yau shi ke share zawiya, yana zama a sahun baya. Kwanan baya Sa'ad ya tambaye shi, cikin tausayi, ko yana istigfari kan kwana biyun da ya bari.

"Istigfari kullum ina yi, Muƙaddami," in ji Maccido. "Amma na ƙwara goman nan ne na tasbaha da na ja Sadiyatu tana kuka."