Noti Mai Zaren Hagu

Duk wanda ya ce muku Irmtraud Zschunke mace ce mai yafiya, to bai taɓa zama kusa da ita ba. Ni kuwa na zauna. Benci ɗaya muka yi a masana'antar kyamara ta nan Dresden tun muna 'yan mata, yanzu kuma da muka tsufa hawa ɗaya ne tsakanin ƙofata da tata. Traudl muke ce mata. Tana iya manta inda ta ajiye tabarau sau uku kafin rana ta take, amma wanda ya taka ta a 1976, har launin rigar da ya sa ran nan tana riƙe da shi.

Sana'arta gyaran tsofaffin kyamarori masu cin fim, waɗannan da matasa suka sake haukacewa a kansu. Shagon nata teburin kicin ne. Kayan gyara kuwa an daɗe da daina ƙera su, don haka duk Asabar sai ta ja ni kasuwar gwanjo ta bakin kogin Elbe, ta yi ta ɗaga matattun kyamarori tana kara su a kunne tana dannawa. Daga ƙarar kawai take gane wadda ke da sauran abin mora. Sai ta farke uku kafin ta tayar da ɗaya. In sifirin ya gagara samuwa, ta naɗa shi da kanta da wayar tsohon fiyano. Notuna da ƙananan haƙoran ƙarfe suna cikin gwangwanayen alewar tari sun fi ɗari, ba rubutu a ko ɗaya, kuma taɓa mata ɗaya ka ga tashin hankali. Yawancinsu daga juji ta tsamo su, lokacin da aka rufe masana'antar bayan faɗuwar katangar da ta raba ƙasarmu biyu aka zubar da kayan kamar ƙaiƙayi. Da tsohon keken jariri ta yi jigilarsu, sawu goma sha ɗaya, tana tafe tana zagi.

Ga abin da ya faru a 1976. Ana son fito da sabuwar kyamara, sai hannun da ake ja a naɗa fim ya zame wa injiniyoyi ƙarfen ƙafa. Noti ɗaya ke riƙe da shi, kuma duk ja sai ya ɗan sassauta, har hannun ya faɗo. Traudl, tana da shekara ashirin da huɗu, ta bar cin abincin rana na wata biyu tana goge-goge a benci. Ta sake wa haƙoran ciki zama, sannan ta yanka wa notin zaren hagu. Wato shi ta hagu ake ɗaure shi, ta dama a kwance, saɓanin notunan da kowa ya sani, ta yadda duk jan hannun ƙara ɗaure shi yake. Kyamara shida ta haɗa na gwaji, da hannunta, ina kallo.

Shugaban sashenmu Gernot Pietzsch ya kwashe su ya ce zai kai sama a gani. Ranar ɗaya ga Mayu, ranar ma'aikata, sai ga shi a dandamali ana rataya masa lambar yabo, an kafa hotonsa a bangon ɗakin cin abinci, an tura shi hutu bakin teku shi da matarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Traudl ta tare shi a matakala, ya dube ta sama da ƙasa ya ce, “Frau Zschunke, ke aikinki sa sifirin. In kin faɗa, wa zai yarda?” Da sati ya zagayo aka mayar da ita sashen cusa kyamara a kwali, ta yi shekara shida a can. Ni ban buɗe baki ba ran nan, don ina da yara biyu da tsoron rasa aiki, kuma har yau abin yana ci na.

Kyamarar ma ba a taɓa fito da ita kasuwa ba, an ce babu kayan yi. Biyar sun ɓace. Ta shida tana gidan Pietzsch cikin akwatin gilashi, shekara arba'in da takwas yana nuna wa 'yan ƙungiyar masu tara tsofaffin kyamarori, yana ba da labarin yadda ya hana idonsa barci ya ƙera ta. Traudl ta sha faɗar gaskiyar, amma ba ta da shaida, tun ana sauraronta har aka fara cewa tsufa ne.

A hunturun da ya wuce hannunta na dama ya fara rawa. Ta ɓoye wa kowa, amma ni ina jin ƙarar kofi a kan faranti. Wata rana ta ce min, “Rosl, ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona in ajiye sukundireba, tsohon banzan nan yana nan da sunansa a kan kayana.”

Ana saura sati uku ƙungiyar ta yi baje-kolinta na shekara, inda kyamarar Pietzsch za ta zauna a tsakiyar zaure da kati mai sunansa, sai muka ji ƙararrawa. Muna shan kofi. Na buɗe, ga Pietzsch, shekara tamanin da ɗaya, ya haɗa gumi da hawan bene, kwalin kek a hannu ɗaya, jakar fata a ɗayan.

“Frau Zschunke, ashe kina nan da ƙarfinki! Ko kaɗan ba ki sake ba.”

“Kai kam ka sake, Herr Pietzsch. Da ba ka gaisuwa. Me ya karye?”

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya fito da kyamarar daga jakar. Wai hannun ne ya cije, ya ce bari ya buɗe ya sa mai, sai notin ya ƙi kwantuwa, ya ƙara ƙarfi, kan ya ɓalle. Ya buga waya har Hamburg, duk mai gyaran da ya samu sai ya ce ba shi da irinsa, a gwada Frau Zschunke.

Traudl ta manna gilashin ƙara girma a ido, ta daɗe tana kallon guntun. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ta ina ka murɗa?”

“Ta inda ake kwance noti mana, ta hagu. Tsatsa ce ta kama shi.”

Na ga wuyanta ya yi ja. Ni ma na gane, na cusa kek a baki don kada in yi magana. Mutumin ɗaure notin ya yi ta yi har ya karye, yana zaton kwancewa yake.

“Tsatsa ce, ƙwarai,” in ji Traudl. “Ina da guda ɗaya da zai shiga. Zan gyara maka ciki, ba na son ko sisinka. Amma notin ƙarshe a zaure za a ɗaura shi gaban jama'a, kuma kai za ka ɗaura. Ai wanda ya ƙera abu shi ya kamata ya rufe shi.”

Har ƙwalla ya kawo. Ya ce ya san ba ta riƙe shi a zuciya ba, abin da ya wuce ya wuce. Yana fita ta ɗauki sauran kek ɗin ta juye a kwandon shara, ni ina ji ina gani, ga shi na shagon kirki ne. Sannan ta buɗe akwatin ɗinkinta, ba gwangwanayen ba, ta kwance wani ƙullin ƙyalle. Noti bakwai ta yanka a 1976, shida suka tafi da kyamarorin, na bakwai ne a ƙullin.

Aikin da a da take gamawa a yini biyu, sai da ya ci mata sati biyu da rabi. Tana aiki da safe kawai, lokacin da hannun ya fi kwanciya, ta danne tsintsiyar hannun dama da na hagu. Sau biyu wani ɗan sifirin ya yi tsalle ya ɓace mata, muka rarrafa a ƙasa da maganaɗisu, tsofaffi biyu, tana zagin Pietzsch ina zagin gwiwata.

Ranar baje-koli, da ƙarfe uku na yamma, mutane sun kai saba'in, rabinsu tsofaffin masu gyara da ke gane noti daga nesa. Pietzsch ya sha kwat, har da lambar yabon a ƙirji. Ya yi jawabin da muka haddace, sannan ya ce, “Ita kuma Frau Zschunke ta ɗan taimaka da share ƙura.” Traudl ta miƙa masa notin da sukundireba a faranti, tana murmushi irin wanda ban taɓa ganin ta yi wa mutumin kirki ba.

Ya ɗora notin, ya murɗa dama. Notin ya yi ta juyi a bakin rami bai shiga ba. Ya sake, notin ya faɗo kan tebur. Ya ce tabaransa ne. Na uku ya danna da ƙarfi, wani tsoho a gaba ya yi ihu, “Kai, za ka cinye zaren!”

“Herr Pietzsch,” in ji Traudl, da muryar da har na bayan ƙofa ya ji, “notin kanka ne ya kwance, ko manta abin da ka ƙera ka yi? Hagu ake yi. Duk hikimar kyamarar nan ke nan, ita aka ba ka lamba a kai.”

Ta karɓi sukundireban. Na ga bakinsa yana karkarwa a hannunta, kuma in ta kasa, za a ce su biyun duk tsufa ne. Ta ja numfashi, ta dafa gwiwar hannu a tebur, ta jira. Murɗa uku ta hagu, notin ya zauna. Ta ja hannun, ta danna, kyamara ta yi ƙarar nan tas.

Na miƙe, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun 1976: ina zaune a gefenta lokacin da ta yanka notin, kuma na ga wanda ya kwashe kyamarorin. Shugabar ƙungiyar ta zare katin, ta juya bayansa, ta tambayi Traudl yadda ake rubuta Zschunke. Pietzsch yana nan tsaye gaban jama'a. Ashe Traudl ta sa fim tun daga gida. Ta ɗaga kyamarar ta saita fuskarsa.

Hoton yana bangon kicin ɗinta yanzu, sama da teburin da ta daina aiki a kai, don wannan ne gyaranta na ƙarshe. Gwangwanayen ta ba ƙungiya, da sharaɗin kada Pietzsch ya ga ko noti ɗaya. Ranar da aka wanko hoton na duba na ce, “Traudl, ai hoton ya girgiza.”

Ta karɓe ta manna a bango, ta danna kusar da babban yatsa.

“Ba hannuna ba ne,” ta ce. “Shi ne ke rawa.”